Kayan Sata A Kan Teburin Akawu

Ran 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Turawa a ƙarƙashin Kanar Morland ta iso bakin ganuwar Kano, Sarki Alu kuwa ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa Ƙofar Dukawuya suka fara gwadawa. Suka kafa igwa suka yi ta sakin wuta, ganuwa ta haɗiye harsashi, ƙofa kuma ta ƙi faɗuwa. Da suka ga haka ba su tsaya gardama da ita ba, sai suka zaga ta Kabuga, nan suka sami hanya suka shiga, kafin rana ta faɗi birni ya zama nasu. Ƙarfin Dukawuya bai amfani kowa ba ran nan, domin abokin gaba ba ya bukatar ƙofa goma sha, guda ɗaya mai rauni ta ishe shi.

Abin da ya tuna mana da wannan tsohon labari shi ne wata tafiya da muka yi kwanan baya ta wannan gefen na birni. Duk wanda ya fito ta Dukawuya ya bi titin da ya nufi tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, zai ga ƙananan shaguna inda a ke buga takardu da kwamfuta, a ke yin kwafi, a ke ɗinke kundin ɗalibai. Muka tsaya a ɗaya daga ciki don a buga mana wata 'yar takarda. Muna nan zaune sai ga wani dattijo, da ganinsa ka ga ma'aikacin ofis, ya shigo da kwamfuta a cikin jaka, ya ce da yaron shagon ta ƙi tashi, ga shi kuwa takardar albashin ma'aikata tana ciki. Yaron ya jawo wata 'yar filashi daga aljihu, ya ce, "Baba, kada ka damu, yanzu zan zuba maka sabuwar Windows, har da Office, duka in buɗe maka su." Suka yi ciniki a kan kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. Dattijo ya yi godiya, ya sa wa yaro albarka, ya tafi yana murna. Ba mu ce masa kome ba, gama ba mu san shi ba, amma tun daga ranar abin ya ke ci mana rai. Wannan bawan Allah, wanda mun tabbata ba zai yarda ya sayi akuyar sata ba ko da an yi masa rahusa, ya sayi kayan sata da rana tsaka, ya kai shi ofishin Gwamnati, ya kuma ɗora masa amanar mutane.

Bari mu yi bayani a sarari saboda waɗanda ba su saba da waɗannan abubuwa ba. Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai gangar jiki, watau ƙarfe da gilashi da wayoyi, abin da hannu ke taɓawa. Akwai kuma manhaja, watau jerin umarnin da waɗansu mutane suka zauna suka rubuta, wanda in babu shi gangar jikin nan ba ta fi akwati ba. Gangar jiki in ka saya ta zama taka. Manhaja kuwa, irin su Windows da Office na kamfanin Microsoft, ba a sayar maka da ita ɗungum, izini kawai a ke sayar maka na yin aiki da ita bisa waɗansu sharuɗɗa, shi ne a ke kira lasin. Abin da yaron shago ya kira buɗewa shi ne fasa kwaɗon da masu ita suka sa, don ta yi aiki ba tare da lasin ba. A 2018 wata ƙungiyar manyan kamfanonin manhaja ta duniya ta fitar da ƙididdiga cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na manhajar da a ke ɗora wa kwamfutoci a Nijeriya ba ta da lasin. Ƙungiyar ta masu kayan ce, mai kaya kuwa ba ya rage lissafin asararsa, wannan mun sani. Amma wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut, ko ya leƙa ɗakin kwamfuta na makarantar da ke kusa da shi, ba zai yi musu da yawa ba.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba, kuma ba jiya ta fara magana ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Ingila ta 1911 an shimfiɗa ta a ƙasar nan tun 1912. Aka yi tamu ta kanmu a 1970, aka sake ta a 1988, aka kafa majalisar da daga baya ta zama Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Tun a waccan doka aka lissafa manhajar kwamfuta cikin rubutattun ayyuka, daidai da littafi. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993. Sa'an nan ran 17 ga Maris, 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta waiwayi intanet musamman: ta haramta fasa kwaɗon da mai aiki ya sa wa aikinsa, ta ba mai haƙƙi ikon ya aika da sanarwa a sauke abinsa daga inda aka kafa shi ba da izninsa ba, ta kuma tsananta tara da ɗauri. Ashe ke nan Gwamnati da hannun dama ta rubuta doka, da hannun hagu kuwa akawunta yana buga wasiƙunta da abin da dokar ta hana.

Za a ce mana, to, mene ne ruwanmu da asarar wani hamshaƙin kamfani na Amurka, wanda ribarsa ta shekara ta fi kasafin kuɗin jihohin Arewa a haɗe? Mu ma ba kukansa mu ke yi ba. Amma ɗabi'a ba ta san fari da baƙi ba. Hannun da ya saba ɗaukar na nesa ba ya tsayawa in ya zo kan na maƙwabci, kuma babu garin da ya ɗanɗana wannan kamar Kano.

A tuna da sana'ar fim. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, cikin shekara goma kuwa abin ya zama sana'ar da ke ciyar da dubban gidaje: mai rubuta labari, da mai ɗaukar hoto, da mawaƙi, da tela, da direban mota, har da mai dafa wa 'yan wasa abinci. Zuciyar cinikin tana kasuwar Ƙofar Wambai. Wani masani Bature, Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano ya rubuta littafi a kan wannan a 2008, ya bayyana wata dabara da 'yan kasuwar suka ƙago da kansu, ba lauya ba alƙali. Mai fim ya kan ba diloli kaset na asali su yi ta gurzawa, shi kuwa ya buga kwalayen da a ke sa kaset ɗin a ciki, masu hoton 'yan wasa, ya sayar musu. Watau haƙƙinsa yana jikin kwali. Kaset ɗin da ke cikin kwalin mai fim halattacce ne, wanda ba ya ciki na sata ne, kowa kuma ya san haka, har yaron da a ke aike. Abin mamaki, injunan da suka yi wannan aiki su ne dai waɗanda aka saba gurza finafinan Indiya da na Amurka da su ba da izinin kowa ba. Satar fasaha ita ta share hanyar da fim ɗin Hausa ya bi ya kai Agadas da Kumasi da Jidda. Mun faɗi wannan don kada a ce mun ɓoye abin da bai yi mana daɗi ba.

Amma ramin da aka haƙa bai zaɓi wanda zai faɗa ba. Kaset ya ba faifan sidi wuri, faifai kuwa ya fi saurin gurzuwa. Sa'an nan wayar hannu ta zo da ɗan katin ajiya wanda bai kai farce ba, aka sami samari a bakin kowace kasuwa da kowace tasha da kwamfuta a kan tebur, ka miƙa waya da 'yan canji a tura maka fim biyar. A nan kwali ya mutu, gama abin da ba shi da jiki ba a sa shi a kwali. Mai fim ya kashe dukiyarsa, ran da fim ya fito da safe, kafin la'asar yana cikin wayar kowa, shi kuwa ko kuɗin man janareto bai mayar ba. Shagunan faifai suka koma sayar da waɗansu kaya. Waɗanda suka rage a sana'ar suka koma ga tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ko kuwa suka riƙa yanka labari kashi-kashi suna sa wa a YouTube, kamar yadda aka yi da Izzar So tun daga 2020, suna jiran abin da kamfanin zai gutsuro musu daga kuɗin talla. Ma'ana, cinikin da a dā a ke ƙullawa a Ƙofar Wambai tsakanin Bakano da Bakano, yanzu wani kamfani a Kalifoniya ne ke yanka farashinsa.

Laifi tudu ne. Da yawa daga masu kukan an sace musu fim, su ma labarin da waƙar daga fim ɗin Indiya suka kwaso su, ba su nemi iznin kowa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan. Ba mu ce aro haramun ne ba. Marigayi Alhaji Abubakar Imam da kansa ya ɗebo labaru daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa da na Indiya ya gina Magana Jari Ce. Amma ya ɗebo ne daga tsohuwar rijiyar da ta zama ta kowa, ya kuma sāke su har suka zama Hausawa, da sunayensu da rigunansu. Doka ma ta san wannan bambanci, don haka ta yanka wa'adi: littafi yana hannun mai shi muddin ransa, da shekara 70 bayan rasuwarsa, fim kuwa shekara 50, daga nan ya zama na jama'a. Imam ya rasu a 1981. Malamin da ke tura hoton littattafansa ta waya, sai ya yi lissafi da kansa ya ga ko wa'adin ya cika.

Marubuta littattafan Hausa na zamani su ma ba su tsira ba. Zamanin da Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da 'yan'uwansu suka cika kasuwa da littattafai, mai son karatu ya kan saya, ko ya ba da haya a shago, ko ya ara wurin ƙawa ya mayar. Littafi ɗaya ya kan zaga gida goma kafin ya yage, in ya yage a sayi wani. Yanzu mace ta kan kwana tana rubutu a waya, ta ce wanda ke son ci gaban labari ya biya 'yan kuɗi kaɗan, mutum ɗaya ya biya, ya watsa wa mutum dubu a WhatsApp, har a yi masa addu'a a ce ya yi taimako. Kakanninmu masu kwafar littattafai da tawada da alƙalami ba su yi haka ba. In mutum ya gama kwafe littafin wani malami, ya kan rubuta sunan mawallafi, ya roƙa masa gafara, sa'an nan ya sa nasa sunan a ƙasa. Ba su san kalmar haƙƙin mallaka ba, amma sun san haƙƙi.

Mu koma kan dattijonmu da takardar albashi, gama nan ne maganar ta fi shafar masu karatunmu. A ce ma mutum bai damu da haƙƙin kowa ba, to ya damu da kansa. Wanda ya fasa kwaɗon manhaja ya baza ta a intanet kyauta, wane ne shi, kuma me ya ke ci? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sau da yawa a cikin abin buɗewar nan a ke cusa wata ɓoyayyiyar manhaja, wadda aikinta ta kwashe kalmomin sirri da lambobin asusun banki ta aika wa ubangidanta, ko ta bar wata ƙofa ta baya wadda zai shigo ta nan duk sa'ad da ya ga dama. Abin takaici, kafin a zuba abin buɗewar sai an kashe mai gadin kwamfutar, watau manhajar da ke kama ƙwayoyin cuta, domin in ba haka ba za ta kama shi. Ka ji fa, a kori Sarkin Ƙofa da hannunka don baƙon da ba ka san fuskarsa ba ya shigo da kayansa. Bayan wannan kuma mai manhajar sata ya kan toshe hanyar sabuntawa, don tsoron kada kamfani ya gane shi ya rufe masa. Sabuntawar nan kuwa ita ce yaɓen da a ke yi wa ganuwa bayan kowace damina.

Wanda ya ke tsammani wannan tatsuniya ce, ya tambayi mutanen Ingila. Ran 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja da aka sa wa suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta kama kwamfuta fiye da 200,000. Aikinta shi ne ta ƙulle dukan takardun da ke cikin kwamfuta ta ce sai an biya fansa, dala 300. Asibitocin Gwamnatin Ingila suka rikice, aka soke ganin likita har wajen 19,000, aka juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa waɗansu wurare. Tsagar da cutar ta bi ta shiga, Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda suka yi yaɓe sun tsira, waɗanda suka yi sakaci suka sha. In ƙasar da ke da injiniyoyi a kowane asibiti ta ji jiki haka, ina ga sakatariyar ƙaramar hukuma inda kwamfuta ɗaya ke riƙe da albashi da fansho da rajistar filaye, filashi ɗaya kuma ke yawo daga ofis zuwa shagon kwafi, daga shagon kwafi zuwa gidan akawu inda yara ke kallon fim?

Tsofaffin malaman En'e da suka rage za su tuna yadda a ke riƙon littafin baitulmali. Akwai kabad na ƙarfe, akwai mabuɗi a wuyan ma'aji, akwai ɗan doka a bakin ƙofa, mai binciken kuɗi kuma yana zuwa ba sanarwa. Ba wanda zai ɗauki littafin haraji ya kai shi kasuwa ya bar shi wurin yaron da bai sani ba ya ce zai dawo bayan azahar. Yau ana yin abin da ya fi wannan kullum, ba wanda ke ganin baƙonsa. Alhali kuwa tun watan Yuni na 2023 akwai dokar kare bayanan mutane, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da sunayen jama'a da lambobinsu nauyin tsare su, ta kuma kafa hukuma a kan haka. Hedimastan da sakamakon jarrabawar yara ɗari biyar ya salwanta a hannunsa, ko akawun da lambobin bankin ma'aikata suka fita ta kwamfutarsa, ba zai kuɓuta da cewa yaron shago ne ya zuba masa ba.

Yanzu sai mu saurari mai hamayya, gama yana da magana mai nauyi. Zai ce, kun yi wa'azi, to da me za mu saya? Gaskiya ne. Lasin ɗin Windows na gida dala 139 ne a wurin masu shi. A 2024 dala ta haura naira 1,500, a shekarar nan kuma aka yanka mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Watau albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci, bai ci ba bai sha ba, kafin a zo maganar Office wanda yanzu sun fi son a riƙa biya shekara-shekara kamar haraji. Wanda ya yanka farashin nan bai yi shi da malamin firamare na Gwale a zuciyarsa ba. Har wa yau kamfanin ya daina yi wa Windows 7 yaɓe a Janairun 2020, ya daina yi wa Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa ba ta yarda ta hau tsohuwar kwamfuta wadda ba ta da wani ɗan guntun ƙarfen tsaro a cikinta. Mafi yawan kwamfutocin da ke hannun mutanenmu kuwa na gwanjo ne, waɗanda ofisoshin Turai suka gama da su, aka sauke a Ikko aka hau da su Arewa. Inji yana da sauran ƙarfinsa, allo garau, amma an ce masa ya tsufa. Wannan ba adalci ba ne a ganinmu, ɓarna ce ta dukiya, ba kuwa za mu ji nauyin faɗa ba.

Sai dai tsadar nama ba ta halatta mushe in akwai wake a gida. Waken kuwa akwai shi, mutane ne ba su sani ba. Tun 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara kiran a rubuta manhaja wadda kowa ke da izinin ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. A 1991 wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da abin da ya zama Linux. Waɗannan ma suna da lasin, amma lasin ɗinsu cewa ya yi ka ɗauka ka raba, sharaɗi kawai kada ka rufe wa na bayanka ƙofar da aka buɗe maka. Akwai LibreOffice, wadda ke buga wasiƙa, ta yi jadawalin lissafi, ta kuma buɗe takardun da aka rubuta da Office. Ba sisin kwabo, ba fasa kwaɗo, ba ɓuya, sabuntawa kuma tana zuwa a fili. Waɗansu nau'o'in Linux an yi su musamman don tsofaffin injuna, irin waɗanda Windows 11 ta raina. Wayar Android da ke aljihun mai karatu ma a kan Linux aka gina ta, bai dai sani ba.

Ba kuwa abin gwaji ba ne. Jihar Kerala ta Indiya, wadda ba ta fi mu arziki da nisa ba sa'ad da ta fara, ta mai da kwamfutocin makarantun Gwamnati kan irin wannan manhaja shekaru da yawa da suka wuce, ta horar da malamanta, yara kuma suka tashi da ita. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar juya kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Kada mu yi zaƙi da yawa: birnin Munich ya bi wannan hanya tun 2004, a 2017 majalisarsa ta ƙuduri komawa Windows, ana ta ƙorafin cewa waɗansu ayyuka ba sa tafiya daidai. Canji yana da wuya, akawun da ya shekara ashirin hannunsa ya saba da wuri ɗaya zai yi gunaguni wata guda ko biyu. Akwai kuma ayyuka na musamman, kamar zanen gini da waɗansu na asibiti, inda ba makawa sai an sayi mai lasin. To, a saya, a sa a cikin kasafi kamar yadda a ke sa kuɗin mota da na fenti. Amma buga wasiƙa da jera sunayen ɗalibai da haɗa maki ba sa cikin waɗannan.

Akwai wata riba kuma wadda ta shafi harshenmu. Manhajar da ƙofarta ke buɗe, kowa na iya fassara ta. Ɗaliban Hausa da na kimiyyar kwamfuta suna nan birjik a Jami'ar Bayero, tafiyar 'yan mintoci daga Dukawuya. Maimakon kundin digiri da a ke ɗinkewa a jibge a kabad ƙura ta ci, me zai hana a ba su aikin mai da waɗannan manhajoji Hausa, da gyara allon rubutu yadda ƙ da ɗ da ɓ za su fito ba wahala? Har yanzu takardun ofis da yawa suna fitowa babu ƙugiya, a rubuta ƙasa ta koma kasa, kamar ba a daidaita waɗannan baƙaƙe tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu ba.

Ga malaman makaranta muna da magana ta dabam, domin su ne suka fi shiga tsaka mai wuya. Aji yana da yara tamanin, littafi uku. Dokar 2023 ba ta rufe ido ga wannan ba, ta bar sarari don koyarwa da nazari da ɗakunan karatu, ta kuma ba da izinin mai da littafi yadda makafi za su iya karantawa, bisa yarjejeniyar Marrakesh wadda Nijeriya ta amince da ita a 2017. Malami ya kwafi shafi biyu ya raba wa aji don darasin yau, wannan dabam. Ya kwafe littafi daga bango zuwa bango, ya ɗinke, ya sayar wa yara, ya hana mawallafi ko kwabo, wannan kuma dabam, ko da mawallafin abokin aikinsa ne a makarantar da ke ƙetaren titi, sau da yawa kuwa shi ne. Yaro yana kallon malaminsa. In ya ga malam yana fasa kwaɗo yana dariya, ba a bukatar a koya masa satar amsa.

Yaron shagon nan ma ba mu so a aika masa da 'yan sanda. Yaro ne mai basira wanda ya koyi gyaran kwamfuta da ido, ba wanda ya taɓa nuna masa wata hanya. In aka kama shi gobe wani zai zauna a kujerarsa. Abin da ya fi shi ne ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya da na masu gyara su shirya wa irinsu horo na mako biyu, su iya zuba Linux kamar yadda suka iya zuba ta sata. Ladan aikinsa ba zai ragu ba, gama zubawar a ke biya, ba manhajar ba.

Abin da mu ke roƙo ga Gwamnatin Jiha ba ya bukatar sabuwar doka ko kwamiti mai cin kuɗin zama. Shugaban Ma'aikata ya aika da takarda ga kowace ma'aikata da ƙananan hukumomi 44, a ƙidaya kwamfutocin da ke akwai, a rubuta abin da ke cikin kowace, da takardar lasin ɗinta in tana da ita. Mai binciken kuɗi, sa'ad da ya zo duba rasit ɗin kujeru da na man mota, ya nemi wannan ma. Ɗan kwangilar da ya kawo kwamfuta makaranta, kada a sa hannu a takardar biyansa sai ya nuna lasin, domin mun sha jin inda aka rubuta kuɗin manhaja ta gaskiya a takarda, aka zuba ta filashi. A hana fita da kwamfutar albashi daga ofis, a hana soka mata filashin waje, a kuma riƙa ajiye kwafin abin da ke cikinta kowace Juma'a a wani wuri dabam wanda ba ya haɗe da intanet, a kulle a kabad, mabuɗi a hannun mutum ɗaya sananne. Ma'aikatar Ilmi kuwa ta zaɓi makarantu biyar ko shida a cikin birni, ta fara da na Gwale da Dala, a juya ɗakunan kwamfutarsu zuwa manhajar kyauta har zango uku, sa'an nan a tara malaman da suka yi aiki da ita a ji daga bakinsu kafin a taɓa sauran.